Xanga: Littafin Sirrin Da Aka Baje A Kasuwa

 Kafin mu shiga batun yau, ɗan tuna lokacin da kike 'yammata. Da yawa daga cikinmu mun taɓa mallakar wani littafi, wataƙila ragowar littafin makaranta ne, da muke rubuta abin da ke ranmu: wadda muka yi faɗa da ita a aji, malamar da ta yi mana bulala ba laifi, har da abin da ba za mu iya faɗa wa Inna ba. A ƙarƙashin katifa ko a ƙasan akwati yake kwana. Ranar da ƙanwa ta kuskura ta buɗe shi kuwa, sai an raba faɗa.

To a ce wannan littafin ne aka yayyage shafukansa aka manna a bangon tashar mota, da sunanki da hotonki da sunan makarantarku a sama. Kusan haka ya faru da miliyoyin yara a Amurka a farkon shekarun 2000, kuma su da kansu suka manna, da murnarsu, a wani dandalin intanet mai suna Xanga. Dandalin bai yi suna a wajenmu ba, yau kuma ko a can an daina maganarsa. Amma tarihinsa ya dace ki sani, domin kusan duk abin da ke cikin wayar 'yarki a yau an riga an gwada shi a can, an kuma ga inda ya kai.

Mene ne Xanga?

Ana rubuta shi da harafin X, amma Zanga ake furtawa, kuma ba ruwansa da zanga-zanga. An kafa kamfanin a 1999 a birnin New York. Da farko wuri ne da mutane ke rubuta ra'ayinsu a kan littattafan da suka karanta da waƙoƙin da suka saurara. A ƙarshen shekarar 2000 sai aka bai wa kowane mai rajista shafi nasa na kansa, ya riƙa rubuta abin da ya ga dama kullum, kamar dayari, sabon rubutu a sama, tsohon yana gangarawa ƙasa. Daga nan ne kasuwa ta buɗe.

Ki lura da shekarun. MySpace bai zo ba sai 2003, Facebook kuma sai 2004, shi ma da farko na ɗaliban jami'a ne kawai. Saboda haka 'yan sakandare, musamman 'yammata, suka mamaye Xanga. Rajista kyauta ce, ba ta wuce 'yan mintoci ba. Zuwa 2005 akwai kimanin asusu miliyan 25 a dandalin. Bayan Amurka, ya samu karɓuwa sosai wurin matasan Hong Kong. A wancan lokacin ba a waya ake shiga ba, a kwamfutar gida ce, wadda sau da yawa a falo take. Duk da haka iyaye da dama ba su san me ake yi ba. Suna ganin yarinya tana ta buga rubutu, sai su ɗauka aikin makaranta ne.

Abin da ya ja hankalin yara

Abu na farko shi ne shafin ya zama kamar ɗakin yarinya. Ita ke zaɓen launi, ta sa hoton da take so a baya, ta sa kiɗa ya tashi da zarar an buɗe. A ƙasan kowane rubutu tana iya nuna littafin da take karantawa ko waƙar da take saurare a lokacin. Domin a yi wannan kwalliya sai an ɗan koyi HTML, wato yaren da ake gina shafukan intanet da shi, kuma yara da yawa a nan suka fara koyonsa. Wasu kuma a nan hannunsu ya faɗa da rubutu. Wannan alheri ne da ba za a musa ba.

Na biyu shi ne tsokaci. Duk mai rajistar da ya karanta yana iya rubuta nasa a ƙasa, ya kuma ba da wani tukuici da ake kira eProps, ɗaya ko biyu. Ba kuɗi ba ne, ba a sayen ko alawa da shi, amma yarinya na iya wuni tana leƙawa ta ga nawa ta samu. Idan kin ga 'yarki tana ƙirga mutum nawa suka danna alamar so a hotonta, to kakan wannan alama ke nan. Matsalarsa tun a wancan lokaci ita ce, rubutun da ya fi tono ciki shi ya fi samun eProps. Wadda ta rubuta cewa yau sun yi jarrabawa ba mai kula ta. Wadda ta rubuta cewa iyayenta sun kwana suna faɗa, ko ta sa hoton da bai dace ba, sai tsokaci ya yi ta zuba. Da haka yara suka koyi cewa sirri shi ke kawo kasuwa.

Na uku shi ne bin shafi. Idan shafin wata ya burge ki sai ki yi rajistar binsa, duk abin da ta rubuta ya riƙa iso miki, har ta imel. Na huɗu kuma su ne Blogrings, wato zauruka da ake haɗuwa a kan abu guda: masu son wani mawaƙi, 'yan gari ɗaya, 'yan addini ɗaya, ko 'yan makaranta kaza masu fita a shekara kaza. Daga baya, a 2006, aka ƙara wuraren ajiye hotuna da bidiyo da murya, aka kuma faɗaɗa tsarin ƙawance domin a yi gogayya da MySpace.

Inda matsalar take

A gefen kowane shafi akwai wani ɗan akwati na bayanin mai shi: suna, ƙasa, jiha, birni, ranar haihuwa, jinsi, abubuwan sha'awa, da laƙabin da ake samunta da shi a manhajojin hira na lokacin irin su AIM da MSN. Ba dole ne a cike duka ba, amma yaro idan ya ga gurbi cikewa yake yi.

Yanzu ki ɗauka ke baƙuwa ce mai mugun nufi, kin faɗo shafin wata 'yar shekara 12. Akwatin gefe ya ba ki sunanta da garinsu da shekarunta. Zauren da ta shiga ya ba ki sunan makarantarsu da ajinta. Hoto ya ba ki fuskarta. Rubutun ranar Litinin ya ce tana zuwa wasan motsa jiki duk Talata da yamma. Na ranar Laraba ya ce mamanta ba ta dawowa daga aiki sai ƙarfe bakwai. Na ranar Juma'a ya ce ba wanda ya damu da ita a gidan. Babu inda ta rubuta adireshi, kuma idan aka tambaye ta za ta rantse ba ta faɗi komai ba. Amma kin san inda za ki same ta, da lokacin da take ita kaɗai, da irin maganar da za ki yi mata ta sake da ke.

Abin da ya sa haka shi ne, yarinyar a ranta da ƙawayenta biyar take magana. Alhali shafin da aka bari yadda ya zo a buɗe yake ga kowa, ko da bai yi rajista ba, kuma Google da Yahoo suna iya zaƙulo shi. Ba baƙi kaɗai ne abin tsoro ba. Abokan gaba na aji suna karantawa su kai makaranta a yi ta tsokana. Malamai suna karantawa, kuma an hukunta ɗalibai a makarantun Amurka saboda abin da suka rubuta a shafukansu daga gida. Akwai kuma zaurukan da 'yammata ke zuga juna su ƙaurace wa abinci domin su rame, kowace tana rubuta ɗan abin da ta ci a yini ana yaba mata, duk a bayan idon iyaye.

Tarar dala miliyan ɗaya

A Amurka akwai wata doka da ake kira COPPA, wadda aka zartar a 1998, ta fara aiki a watan Afrilun 2000. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, babu dandalin da zai karɓi bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba, sai ya sanar da iyayensa, ya kuma samu amincewarsu ta hanyar da za a iya tabbatarwa. Dole ne kuma iyaye su iya ganin abin da aka tara a kan ɗansu, su sa a goge idan sun so.

Xanga ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa wanda bai kai 13 ba ba zai shiga ba. Amma da hukumar FTC, mai kula da kasuwanci da kare masu saye a Amurka, ta bincika, sai ta ce rubutun nan ado ne kawai. Yaro zai zo ya rubuta ranar haihuwarsa ta gaskiya, wadda ke nuna ƙarara cewa shekararsa 10 ko 11, na'ura ta karɓa ta buɗe masa shafi. A lissafin hukumar, cikin shekara biyar an buɗe asusu miliyan 1.7 ga waɗanda da kansu suka nuna ba su kai 13 ba, ba tare da an tuntuɓi iyayensu ba.

A watan Satumban 2006 kamfanin da shugabanninsa biyu, Marc Ginsburg da John Hiler, suka amince su biya tarar dala miliyan 1. A lokacin ita ce tara mafi girma da aka taɓa ci a ƙarƙashin wannan doka. An kuma umarce su da su goge bayanan yaran da suka tara ba bisa ƙa'ida ba.

Akwai abu biyu da ya kamata ki riƙe a nan. Na farko, shekara 13 da kike gani a ƙa'idojin dandali iri-iri har yau, asalinta wannan doka ce. Iyaka ce ta shari'a a kan karɓar bayanai. Babu likita ko malamin tarbiyya da ya auna ya ce da zarar yarinya ta cika 13 ta iya hulɗa da baƙi. Na biyu, yaran nan miliyan 1.7 gaskiya suka faɗa. Da aka gyara ƙofa ta fara korar masu faɗin gaskiya, sai dabara ta koma rage shekarar haihuwa. Yarinyar da aka haifa a 1995 ta zaɓi 1990 ta wuce abinta. Akwatin da ke tambayar shekaru ba ya ganin fuskar mai amsawa.

Kada kuma ki ɗauka tarar ta zama izina ga na baya. A 2019 an ci kamfanin Musical.ly, wanda ya rikiɗe ya zama TikTok, tarar dala miliyan 5.7 a kan laifi irin wannan. A shekarar dai Google da YouTube suka biya dala miliyan 170. A 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince da dala miliyan 275. Kuɗin na ta hawa, laifin bai canza ba.

Makullan da aka tanada

A yi wa Xanga adalci, ya samar da hanyoyin kariya, kuma wasunsu masu kyau ne. Kowane rubutu ana iya barinsa a fili, ko a mayar da shi na mai shi kaɗai, ko a keɓe shi ga wasu mutane da ta lissafa da hannunta. Ana iya toshe wanda ya dame ki ya kasa yin tsokaci. Ana iya kulle shafi gaba ɗaya, ya zama sai mai rajista ko sai ƙawaye kaɗai za su gani. Akwai Footprints, wato sawu, wanda ke nuna wa mai shafi waɗanda suka leƙo. A 2006 kuma aka fito da tsarin kai ƙarar shafin da ya saɓa ƙa'ida, da tsarin auna shafuka mataki biyar, daga wanda ya dace da kowa har zuwa na manya zalla.

To me ya hana waɗannan makullai aiki yadda ya kamata? Dalili na farko, kowane makulli sai an je an murɗa shi da hannu, kuma wadda za ta murɗa ita ce yarinyar da ke neman a karanta ta. Idan ta kulle, eProps ya ragu. Na biyu, kulle shafi ga ƙawaye kaɗai ba ya da amfani idan duk wanda ya nemi ƙawance ana karɓarsa, alhali hoton yarinya 'yar 14 da ke kan wani shafi ba ya tabbatar da cewa yarinya ce ke bugawa. Na uku, sawu laƙabi kawai yake nunawa, kuma wanda ya shigo ba tare da rajista ba babu sunansa. Na huɗu, ƙawar da aka amince wa tana iya kwafe rubutun ta aika wa wanda ta ga dama ranar da aka ɓata. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa har da kwafi take fita.

Ba Xanga kaɗai ya sha wannan ba. A 2008 MySpace ya ƙulla yarjejeniya da manyan lauyoyin gwamnatocin jihohi 49 na Amurka a kan kare yara, a 2009 kuma aka bayyana cewa ya cire asusu kusan 90,000 na mutanen da ke cikin rajistar masu laifin lalata. Waɗannan su ne waɗanda suka shiga da sunayensu na gaskiya har aka iya gane su.

Yadda aka ƙare

A watan da aka ci Xanga tara, wato Satumban 2006, a watan ne Facebook ya buɗe ƙofarsa ga duk wanda ya kai shekara 13. Matasa suka yi ta ƙaura, shafukan Xanga suka zama kufai. A 2013 kamfanin ya sanar cewa ba zai iya ci gaba a yadda yake ba sai an tara masa dala 60,000. A ƙarshe aka rufe tsohon dandalin, aka buɗe wani ƙarami da sai an biya kuɗi ake rubutu a cikinsa. An ba da damar sauke tsofaffin rubuce-rubuce, amma wadda ta manta kalmar sirrinta da tsohon imel ɗin da ta yi rajista da shi tana 'yar 13, ta shiga wahala.

Sai abin ya zo a juye. Hotuna da rubutun da wasu ke son adanawa sun salwanta. Wasu shafukan kuma da masu su za su so a ce sun ɓace, akwai kwafinsu a rumbun Internet Archive, wanda ke ɗaukar hoton shafukan intanet yana ajiyewa tun 1996. Yaran da suka yi waɗannan rubuce-rubuce yau iyaye ne, wasu malamai, wasu ma'aikata. MySpace ma a 2019 ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora tsawon shekaru 12 a wajen sauya na'urorin ajiya. Ba a bai wa dandali ajiyar abin da ake so, ba a kuma dogara da shi ya manta da abin da ake ƙi.

Abin da ya rage gare ki

Uwargida, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Iyayen yaran Xanga suna da kwamfuta a falo ma abin ya wuce su, balle ke da taki 'yar ke kwana da waya a ƙarƙashin matashin kai. Ga wasu matakai da za ki iya farawa da su a wannan makon.

1. Ki zama ɗaliba. Ki kira ta cikin raha ki ce, "Ummi, zo ki nuna min yadda abin nan yake aiki." Yara suna son koyar da manya, kuma a cikin koyarwar za ki ga shafinta da idonki. Idan kika fara da tuhuma, za ta buɗe wani shafin da ba ki sani ba.

2. Ku yi wasan baƙo tare. Ku duba shafin kamar ba ku san mai shi ba, ki tambaye ta: daga abin da ke nan, za a iya gane unguwarmu? Makarantarku fa? Bajon da ke jikin rigar makaranta, lambar mota, allon shagon da ke ƙofar gida, duk adireshi ne. Idan ita ta gano da kanta, ya fi ki faɗa mata sau goma.

3. Ku murɗa makullai tare. Ku shiga wurin saiti ku mayar da shafin na ƙawaye kaɗai, ku kashe nuna wurin da take, ku hana saƙon baƙi. Sannan ku bi jerin ƙawayen ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ba za ta iya cewa ga inda ta san shi ido da ido ba, a cire shi.

4. Kada ki taya ta rage shekarar haihuwa. Idan dandali ya ce ba ta kai ba, to ba ta kai ba. Idan aka yi ƙarya aka mayar da ita babba, kariyar da aka tanadar wa yara ma ba za ta same ta ba.

5. Ki yi mata alkawari, ki kuma cika, cewa ranar da wani ya aiko mata da abin da ya tsorata ta ko ya ba ta kunya, idan ta faɗa miki ba za ki fara da duka ko ƙwace waya ba. Masu yaudarar yara da tsoron iyaye suke cin kasuwa. Yarinyar da ta san za ta iya zuwa wurin mahaifiyarta, da wuya a riƙe ta da barazana.

6. Ki duba naki hannun. Hoton ranar suna, na sakamakon jarrabawa mai ɗauke da cikakken suna, na yara a ƙofar makaranta, sau da yawa mu iyaye ne ke fara baje su.

Daga ƙarshe, ki tambayi kanki abin da ya sa yarinya 'yar 12 za ta zauna ta rubuta wa duniya cewa ba wanda ya damu da ita a gida. Yawancin yaran Xanga mai saurare suke nema, sai suka same shi a wurin da bai dace ba. Ki saya wa 'yarki littafi mai kyau da biro, ki ce nata ne, ba mai buɗewa, ke ma kuma kada ki buɗe. Sannan ki ware mata ko da minti goma a rana, a kicin ko bayan cin abincin dare, ta yi magana ki saurara ba tare da kin katse ta ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya kare mana su. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.